Yawon ƙafa a Nijar: wace jaha ce ta fi daɗin hawan dutse da ratsa daji?

 Tambayar yau ta fi fitowa daga ƴan uwa mazauna ƙetare, musamman waɗanda ƴaƴansu suka tashi a Faransa, Beljik ko Amurka: in an zo hutu gida, ina za a je a taka ƙasa da ƙafa, a hau dutse, a ratsa daji, a kwana a ƙauye? Masu Faransanci suna ce wa abin randone. Mu dai yawon ƙafa za mu ce.

Na san wani dattijo a ƙauye zai ji wannan ya yi dariya. Mutumin da ke taka kilomita 15 zuwa cin kasuwa ya komo gida kafin magariba, ko makiyayin da ke kora dabbobi daga gulbi har arewa, ai ba a koya musu tafiya. Gaskiya ne. Amma maganar ta shafe ku ku ma, mutanen karkara, don hanyoyin da baƙo zai bi naku ne. Ɗanku ne zai yi masa jagora, jakinku ne zai ɗauki ruwansa, a gidanku zai sayi hura da ƙwai da tabarma. Su kuma ƴan birni da ke wuni kan kujera da babur, hawan jini da ciwon sukari na bin su, tafiyar ƙafa na cikin abin da likitoci ke fara ba su shawara a kai.

Kafin a ce wuri kaza ya fi wuri kaza, sai an san ma'aunin. Hanya mai daɗin yawo tana son hawa da sauka, don shimfiɗaɗɗen fili yana gundurar ido. Tana son ruwa da inuwa, da ƙauyuka a tazarar da mutum zai iya cimma cikin wuni guda. Sannan tsaro, wanda a wannan zamani ya rinjayi sauran duka. Da wannan ma'auni za mu bi ƙasar.

Abzin, ba ta da na biyu

In don kyawun wuri ne da tsayin dutse, babu gardama, jahar Agadas ce gaba. Duwatsun Abzin, waɗanda Buzaye ke kira Ayar, su ne manyan duwatsun ƙasarmu. A can ne wuri mafi tsayi a Nijar yake, Idukal-n-Tages, mai mita 2022, a bisa dutsen Bagazan.

Bagazan ba tsini ɗaya ba ne kamar yadda wasu ke zato. Wata ƙasa ce guda a sama, tsawonta wajen kilomita 40, faɗinta wajen 20, da ƙauyukanta da garake da rijiyoyi da masallatai. Tun kaka da kakanni da ƙafa da jaki ake hawa, ta wasu ƴan matsatsun hanyoyi cikin duwatsu, kuma yawancin masu hawa daga ɓangaren Tabelot suke tasowa, garin nan na albasa. Wanda ya kai sama zai ji iska ta sake. Dalili shi ne duk mita 1000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, kuma saman Bagazan ya ɗara garin Agadas da fiye da mita 1000. Shi ya sa ake noman abubuwan da ke son sanyi a can, dankalin Turawa, tafarnuwa, alkama, har da ɓaure. Shi ya sa kuma a watan Disamba da Janairu dare ke kai wa ruwa ya daskare a kwano. Wanda ya je da riga ɗaya don ya ji an ce hamada, zai kwana yana kaɗa haƙora.

Sama da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas akwai Timiya. In mutum zai ga wuri ɗaya tak a Abzin, ni dai Timiya zan ce. Bayan doguwar tafiya cikin baƙin dutse, sai kawai a faɗo cikin kwari kore shar, lemu, lemun tsami, rumman, dabino, duk ana ba su ruwa daga rijiya, a da da raƙumi ko sa mai jan guga, yanzu da injin ban ruwa a garake da yawa. Kilomita kaɗan daga garin akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a gurbi. Dutsen baƙi ne, narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa tun zamanin da duwatsun yankin ke aman wuta, ya daskare. A kan tudun da ke bisa garin akwai tsohon barikin sojan Faransa. Hawansa ba ya kai rabin awa, amma daga can ana ganin kwarin duka, garka bayan garka.

Daga Timiya in an miƙa arewa ana biyawa ta kangon Asode, tsohon birnin da ya taɓa zama cibiyar Abzin. Ya fara mutuwa sannu a hankali, yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawa suka yi suka ƙarasa shi. Har yau bangayen gidaje da na babban masallaci suna tsaye, babu kowa ciki sai iska. Gaba kuma sai Iferwan, a gindin dutsen Tamgak mai mita 1988. Tamgak na masu ƙarfin gwiwa ne: kwazazzabai masu zurfi, guraben ruwa cikin dutse da ba sa ƙafewa da wuri, ragon dutse ga mai sa'a, da wani zaitun na daji da ya saura tun lokacin da Sahara take da damina. Can arewa akwai Gerebun, mita 1944, da tuddan rairayin Temet a gindinsa. Wannan gefe na cikin gandun Ayar da Tenere da aka kafa a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Faɗinsa hekta miliyan 7 da dubu 700.

Abin da ya sa yawo a Abzin ya fi na ko'ina ba tsayin dutse kaɗai ba ne. Mutanen wurin gwanayen tafiya ne. Su ne masu ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma bayan damina, sannan su gangaro kudu da kantu da dabino su koma da hatsi. Sun san nisan rijiya da rijiya, sun san yadda ake ɗaure kaya kan raƙumi, sun san gasa gurasar tagalla cikin rairayi da toka. Matafiyi ba ya ɗaukar komai sai gorar ruwansa, dabba ce ke ɗaukar sauran. Harshe kuma ba matsala ba ne, don Hausa na gudana a Agadas da garuruwan Abzin da yawa. Ku Gobirawan Tibiri da kewaye, tarihin baka ma ya ce daga can kakanninku suka gangaro.

Ga wanda gwiwarsa ba ta son dutse, akwai ƙananan fita. Akwai Tafadek, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda mutanenmu masu ciwon gaɓoɓi suka daɗe suna zuwa wanka. Akwai Dabus, kusa da hanyar Arlit, inda mutanen da suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5.

To, sai maganar da ba ta da daɗi. Har zuwa tsakiyar shekarun 2000 jiragen ƴan yawon buɗe ido na sauka Agadas kai tsaye daga Turai, dubban mutane na ci da wannan sana'a: direbobi, masu jagora, masu raƙuma, maƙeran azurfa, masu dafa abinci. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya tsayar da abin, ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyi. Sace ma'aikatan kamfanin uraniyom a Arlit cikin Satumba 2010 ya ƙara rufe ƙofa. Daga 2014 zinariya ta jawo mutane iri-iri da makamai, ƴan fashi suka yawaita kan hanyoyin daji. A farkon 2025 an sace mata Turawa biyu a cikin garin Agadas kansa, ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu. Saboda haka ɗan ƙasa da ke da dangi ko aboki a Timiya ko Tabelot, wanda zai je cikin mutanen wurin, lissafinsa daban. Wanda kuwa zai zo da surukinsa Bature, ko da ƴaƴa masu fasfo na waje, ya sani baƙi ba sa fita daji sai da iznin hukuma da rakiyar soja. Kada a yi dabara a kauce wa wannan. Ba ran baƙon kaɗai ke cikin hatsari ba, har da na direba da ɗan jagora.

Adar, wadda aka raina

In aka ce a zaɓi wurin da ya haɗa hawa da sauka da kusanci da ƙauyuka, wanda talaka zai iya zuwa da kuɗin mota kawai, sai in ce Adar, a jahar Tawa. Ƙasar tsakanin Keita, Buza, Madawa da Ilela tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, jan marmara a bisa, kwaruruka masu ni'ima a tsakani. Tudun ba ya da tsawon da zai karya mutum. Cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka an hau, a bi gefensa ana kallon kwari a ƙasa, a sauka wani ƙauye a sha ruwa.

Duwatsun Adar ba irin na Abzin ba ne. Wannan ƙasa gindin teku ce a zamanin da, miliyoyin shekaru da suka shuɗe. Wanda ya sa ido a gefen tuddan zai ga farin dutse da ɓawon halittun ruwa daskare a cikinsa, irin wanda yara makiyaya ke tsinta suna wasa da shi. Wannan farin dutse ne masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa. Malamin lakwal da ya fita da ɗalibansa wuni ɗaya a nan ya koyar da abin da allo ba ya iya nunawa.

A kwarin Keita kuwa abin kallon aikin hannun mutane ne. Daga 1984, bayan babban fari, aka soma aikin farfaɗo da ƙasa da taimakon Italiya da hukumar abinci ta duniya FAO. Aka jera duwatsu a gangaren tuddai don tare ruwa, aka haƙa ramuka, aka gina madatsai, aka dasa itatuwa miliyoyi. Mafi yawan masu ɗaukar dutsen nan a ka mata ne, don maza sun tafi bida. Mai yawo a Keita yau yana taka wannan aiki ne, kuma in ya zauna da wata tsohuwa a ƙauye za ta nuna masa layin da ta jera da hannunta. A kwarin Magiya ma haka, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don karya iska suna ba da inuwa mai tsawon kilomitoci. Da rani kwarin cike yake da albasa, har zuwa Galmi. Mai son ruwa da tsuntsaye kuma ya nufi tabkin Tabalak, wajen kilomita 50 daga Tawa kan hanyar Agadas.

Aibin Adar biyu ne. Saman tuddan tsakuwa ce tsirara, babu inuwa, kuma tana cin takalmi. Na biyu, jahar Tawa ba ɗaya ba ce wajen tsaro. Arewa maso yamma, wajen Tiliya da Tasara, ba wurin yawo ba ne ko kaɗan, kowa na tune da kisan da aka yi a ƙauyukan Tiliya cikin Maris 2021. Bakin iyaka da Najeriya wajen Ƙonni shi ma yana son hattara. Tsakiyar Adar ce muke magana, ita ma sai an tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a satin da za a je.

Damagaram, ga mai iyali

Wanda ya zo hutun sati biyu da yara, yana son ya fita da safe ya komo ya ci tuwon dare a gida, Damagaram ta fi masa. Garin kansa cikin duwatsu yake zaune, manyan ƙwallaye masu santsi, wani bisa wani kamar da hannu aka ɗora. Masana ƙasa sun nuna cewa layin duwatsu ɗaya ne ya taso daga Abzin, ya ratsa Damagaram da Muniyo, ya je har Jos a Najeriya. A fara daga Birni da sassafe, a ga fadar Sultan da ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun, a bi lunguna a ga gidaje masu zanen bango, a ƙetara Zango. Kada a manta nan ne babban birnin ƙasar har 1926, kafin a mai da shi Yamai. Abu ɗaya: dutsen da barikin soja yake kai ba wurin hawa ba ne, ba wurin ɗaukar hoto ba ne.

Daga gari zuwa Mirya kilomita 18 ne, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ga mai matsakaicin sauri, ƙarshenta garake da kukoki da tukwanen Mirya. A komo da mota. Gaba kan hanyar Gure akwai Gidimuni da tabkinta da dabinai, ga tuddan rairayi sun kewaye ta. Kudu kuma, wajen Matamai, Magarya da Dungas, ƙasar Korama ce, ruwa kusa, rake da rogo da mangwaro, da gonakin gawo da ba a ganin ƙarshensu. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran, da rani yake ganye, don haka a lokacin yawo ne inuwarsa ta fi kauri. Masu neman dutse sosai su wuce Gure, zuwa tuddan Kutus wajen Kelle.

Dutsen Termit, can arewa maso gabas, gandun da aka kafa a 2012, yana da kyau ƙwarai, amma ba a zuwa sai da motoci masu ƙarfi da izni da tanadin ruwa na kwanaki. Haka Kawar da kangon Jado. Waɗannan tafiyar ayari ce, ba yawon hutu ba.

Maraɗi fa?

Kada mutanen Katsinar Maraɗi su ji haushi, dutse dai ba mu da shi. Abin da ke akwai shi ne gulbi da inuwa. Tabkin Madarumfa, wajen kilomita 25 kudu da gari, da dajinsa da kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta, yana da daɗin kewayawa da sanyin safiya, ana kallon masunta. Sai dai kowa ya san abin da ke faruwa kusa da iyaka: satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa a wasu ƙauyukan Madarumfa da Gidan Runji. Dajin Baban Rafi a bar shi tukuna.

Wajen Agye da Tasawa kuwa, yawo cikin gonaki darasi ne. Nan ne sassaben zamani ya yi ƙarfi tun shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon sabara da kalgo da gawo ya girma. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka a kudancin ƙasar. Ɗan da ya tashi Turai yana jin ana cewa ƙasar ubansa hamada ce, a kai shi nan ya gani da idonsa. A arewa kuma akwai gandun Gadabeji, hekta 76,000, wanda UNESCO ta amince da shi a 2017, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a ƙarshen 2018. Shiga sai da ma'aikatan gandun daji.

Yamma: wurare masu kyau, ƙofa a rufe

A nan ne abin ya fi ciwo. Gandun W, wanda aka kafa a 1954, hekta 220,000 a ɓangaren Nijar, da kwazazzabon Tapowa da giwaye da ɓauna, yau maɓoyar ƴan bindiga ne. Kure, kilomita 60 kacal daga Yamai, inda raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma ke kiwo cikin gonakin mutane, wuri ne da a da ake bin dabba da ƙafa a tsaya kusa da ita. An kai lokacin da 49 kawai suka saura, a 1996, kariya ta sa suka haura 600. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, cikinsu har da shugaban masu jagorar wurin. Daga ranar sana'ar samarin ƙauyukan ta durƙushe.

Dogon Dutsi, dutsen da ya ba garin suna, hawansa ba wuya, kuma daga kansa ana ganin Dallol Mawri shimfiɗe. Arewa da garin akwai Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Vule da Shanuwan a Afrilu 1899. Ƙasa ce mai tarihi, amma a shekarun nan hare-hare sun shigo jahar Doso, dajin Arewa ba na shiga kai tsaye ba ne. Mazauna Yamai da suka saba hawa tuddan nan uku na Haro Banda ranar Lahadi su ma su san iyakarsu: kusa da gari, da rana, cikin jama'a.

Lokaci, ruwa da ladabin hanya

Lokacin yawo daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, hawan dutse a lokacin neman ciwo ne. Da damina kuma hatsarin kori ne. Ana iya yin ruwa can nesa kan dutse, inda kake rana na haske, sai ruwa ya taho da ƙarfi ya cika korin cikin mintoci. Shi ya sa mutanen Abzin ba sa kwana cikin kori da damina, komai laushin rairayinsa.

Wajen lissafin tafiya, mutum mai lafiya na cin wajen kilomita 4 a awa a fili. In hawa ne, a ƙara awa guda kan kowane mita 300 na tsayi. A tashi bayan sallar asuba, a sauka inuwa kafin ƙarfe 11, a ci gaba bayan la'asar. Ruwa lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a wuni, ban da na alwala da dahuwa, kuma a sha tun ba a ji ƙishirwa ba. Wanda ya ga fitsarinsa ya yi ja, ko kansa na sarawa, ko ya daina zufa alhali ana zafi, ya tsaya nan take. A riƙe ƴan ƙunshin gishiri da sukari irin na gidan likita. Yaran da suka tashi waje cikinsu bai saba da ruwan rijiya ba, a tafasa musu ko a sa maganin tsabtace ruwa. Guzuri kuwa namu ya isa: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, cuku, garin rogo.

Takalmi ya zama rufaffe, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi ranar tafiya kumburi ne. Dogon wando saboda ƙarangiya, rawani ko malafa saboda rana da ƙurar hunturu. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kunama na son ɗuminsa. Kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa gidan likita mafi kusa. Waya kuma kada a dogara da ita, rezo na ɓacewa da zarar an shiga tsakanin duwatsu. A faɗa wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin komowa, kuma a sanar da jandarmomi ko mai gari kafin a shiga daji.

Sai ladabi, wanda ku ƴan ƙetare ya kamata ku koya wa yaranku tun cikin jirgi. Ba a shiga ƙauye a wuce kamar ba kowa. A nemi ƙofar mai gari, a gaisa, a faɗi daga ina, zuwa ina. A wannan zamani baƙon da aka gani kan tudu da jaka a baya da waya a hannu yana ɗaukar hoto, ba a san shi ba, za a iya ɗaukar sa ɗan leƙen asirin ɓarayi, kuma abin na iya ɓaci kafin ya buɗe baki. Gaisuwar minti biyar tana kawar da wannan. Ba a ɗaukar hoton mace ko na yaro sai da izni. Ba a ratsa gona kafin hukuma ta sanar da sakin gonaki, a bi burtali ko turbar da mutane ke bi, in an haɗu da garke a ba shi hanya. A rijiyar makiyaya akwai layi, a jira a ba ka. Wurin da mutanen gari suka ce ba a hawa, ko kushewa ce ko wurin al'ada, a bar shi ko da ba a gane dalili ba. Wutar shayi a kashe ta da ƙasa har ta mutu, don guntun garwashi ɗaya a watan Nuwamba na iya cinye ciyawar da dabbobin yanki guda za su ci har damina. Zanen da ke jikin duwatsun Abzin ba a rubuta suna a kai, duwatsun kibiya da ake gani a rairayi ba a kwashewa, doka ma ta hana fita da su.

Ɗan jagora a ɗauke shi a ƙauyen da za a ratsa, wanda mai gari ya sani, ko da hanyar ta yi kama da mai sauƙi. A yi ciniki tun kafin a tashi, a gaban shaida: jaka nawa a wuni, abincinsa kan wa, kuɗin jaki ko raƙumi daban ne ko a ciki, in an kwana nawa za a ƙara. Ku kuma samarin ƙauye da za ku yi wannan aiki, in kun san hanya ba lafiya a ranar, ku faɗa, ko da kuɗin zai wuce ku.